Gawon da Aka Ce Ya Riƙe Ruwa

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a shekarar da aka canza kuɗi, fam ta tafi naira ta shigo, mazan unguwarmu suka nufo gonarmu da gatura a kafaɗa. Lokaci ne da ya kamata a ce gero ya kai gwiwa, amma gonar fayau take, fara sol kamar an share tsakar gida. Ina tsaye riƙe da igiyar jar akuyarmu, ban fi shekara goma ba. Kakata kuwa, uwar mahaifina, wadda muke kira Iya, tana zaune a gindin gawonta, ta jingina baya da kututturen, ta miƙe ƙafafu, sandarta a kan cinya. Tun da aka idar da sallar asuba ta sa na ɗauko mata tabarma da buta muka taho. Mai Unguwa Ɗanladi ne a gaban mazan. Ɗan kawunta ne, taubashinta, saboda haka ita kaɗai ce a garin take iya faɗa masa abin da ta ga dama ta kwana lafiya.

Ya tsaya daga nesa kaɗan ya ce, “Baiwata, tashi ki ba mu wuri, aiki za mu yi.”

Iya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ɗanladi, kai da ko zakara ba ka iya yankawa sai an riƙe maka ƙafa, yau kai ne da gatari? Wa ka zo kashewa?”

“Yau ba wasa ya kawo ni ba, Tasalla. Duk gawon garin nan an aske shi, naki kaɗai ya rage. Shi ya riƙe mana ruwa.”

“Da wane hannun?” in ji Iya.

Wani yaro daga baya ya fashe da dariya, ubansa ya make shi. Suka daɗe a tsaye rana tana dukansu, ba wanda ya iya ɗaga tsohuwa daga kan tabarmarta. Daga baya suka juya suna ƙunƙuni, Mai Unguwa yana cewa za su dawo. Iya ta ce a gaida gida.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba sai na faɗa masa halin gawo, in ba haka ba zai ɗauka mutanen garinmu mahaukata ne, alhali ba mahaukata ba ne, yunwa ce. Gawo itace ne mai yin komai a juye. Da damina, lokacin da tsamiya da ɗorawa da kuka suke cika da ganye, shi sai ya tuɓe tik, ya tsaya da farar ƙayarsa kamar mataccen itace, rana tana ratsa shi tana sauka kan shuka. Da rani kuwa, in ko'ina ya bushe, sai ya sa sabuwar riga shar, ya yi inuwa, can wajen bazara ya riƙa zubo 'ya'ya jajaye masu lanƙwasa kamar kunnen mutum. Waɗannan 'ya'yan su ne abincin awakinmu a watannin da babu ko tsinken ciyawa. Garinmu, can arewa da Bici, ba shi da daji. Gona ce ke manne da gona har iyakar ganinka, babu makiyaya, babu gonar da aka bari ta huta. Akuya a turke take rayuwa, abin da aka kawo mata shi za ta ci, kashinta kuma shi ake kwashewa a mangala a kai gona. Saboda haka kowane itace da mai shi, kuma ba dole ne mai gona ya zama mai itacen ba. Gonar ta Baba ce, amma gawon na Iya ne, rabonta ne na gadon ubanta, kowa kuma ya san haka.

Tsintar 'ya'yan gawo aikina ne tun ina ƙarama. Da sassafe nake fita da ƙwarya, kafin awakin wasu su tsinke igiya su riga ni. Ni da ƙawayena mukan cika ƙoranmu, sannan mu share wuri a inuwar mu yi 'yar carafke, ko mu jera 'yan tsanarmu na kara mu yi musu biki, mu saƙala musu 'ya'yan gawo a matsayin 'yan kunne. Ƙaya ta sha shiga ƙafata a wurin nan, Iya ta sha cire mini ita da tsinke tana faɗa, wai ido na tafiya ne ba na kallon tsuntsaye ba. Ban je boko ba. An buɗe ajin yara a garin da ke gaba da mu, mukan jiyo su suna rera karatu in iska ta juyo, amma ba a kai ko mace ɗaya daga gidanmu ba. Allo ma ban yi nisa ba aka cire ni don aikin gida. Abin da na sani, a bayan Iya na tsince shi, tsakanin rijiya da turmi da gindin itacen nan.

Wata rana, tun kafin shekarun wahala, na dawo da ƙwarya cike na ce mata gawo yana son mu, shi ya sa yake ajiye ganyensa sai rani don awakinmu su samu. Na zaci za ta yaba mini. Sai ta ajiye muciya ta ce, “Ba ya son ki. Bai san ki ba, bai san akuyarki ba. Aiki yake da shi, ba shi da niyya.” Na ce to ai duma ma yana neman danga da kansa, na gani da idona. Gaskiya ne na gani, don na taɓa kafa kara kusa da yaɗon duma a bayan ɗakinmu, washegari na tarar siririn zarensa ya kama ya nannaɗe. Na cire karan na mayar wancan gefen, nan ma ya bi shi. Iya ta ce in na tsaya na kalla da kyau zan ga zaren nan lilo yake ta yi ko'ina, ko da kara ko babu, abin da ya taɓa shi zai kama, ko da wutsiyar jaki ce. A wajenta niyya abu ne mai nauyi, abin da mutum ke ƙullawa a zuciya kafin salla da kafin azumi, abin da za a tambaye shi a kansa ranar gobe. Takan ce, “Wanda ba ya alwala ba ya niyya.” Wanda ya halicci gawo ya gina shi a kan wannan aikin, shi ke nan, itacen bai zaɓa ba, ba zai kuma iya fasawa ba. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin. Na fi son gawo mai ƙauna ta.

Sai fari ya zo. Daminar da ta gabata ma ba a samu abin kirki ba, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara. Aka yi binne, wato aka zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwan farko ya tayar da shi. Aka samu yayyafi sau ɗaya, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Aka sake shukawa da abin da ya kamata a ci, shi ma ya bi sahu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu mai ruwa-ruwa, daga baya dusa da busasshiyar tafasa da garin rogo in an samu. Mu yara muka koma tsotsar goruba da aduwa. Igiyar gugar rijiya aka yi ta ƙara mata tsumma da igiyar turke har ta fi ƙarfin hannuna, abin da ake jawowa kuma rabinsa laka. Maza suka fita filin idi roƙon ruwa ba sau ɗaya ba, aka dama gumba da ɗan abin da ya rage aka raba mana sadaka. Hadari yakan taso daga gabas baƙi ƙirin, mu fito da ƙore da tukwane, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi.

A cikin wannan hali ne wani ya ɗaga kai ya lura cewa gawo bai gama zubar da ganye ba. Ban san bakin da ya fara furta maganar ba, na dai ji ta a bakin rijiya, kwana kaɗan kuma ta cika gari. Lissafin mai sauƙi ne. Kowace shekara gawo yana tuɓewa ruwa ya sauka. Bana ya ƙi tuɓewa, ruwa ya ƙi sauka. Ashe shi ne ya ƙi, shi da dama ba ya shiri da damina. To a tuɓe shi da ƙarfi. Aka tambayi Liman, ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, amma bai hana ba, don shi ma gidansa ba a ɗora tukunya. Samari suka bi gonaki suna hawa suna datse rassa, ba irin ɗan saran da aka saba yi wa dabbobi ba, askewa kwal har sai kututture ya tsaya da dungulmi. Ganyen kuwa kafin ya taɓa ƙasa an ja shi an kai wa awaki. Iya tana kallo daga ƙofar gida ta ce, “Ruwa suke nema ko harawa?” Ta ce in sun cinye abincin bazara tun yanzu, su shirya abin da za su faɗa wa awakin in bazarar ta zo.

Bayan ranar Alhamis ɗin nan, Iya ta mayar da gindin gawo ɗakinta na yini. Kullum in gari ya waye mu tafi, sai magariba mu dawo. A can take salla, a can take kaɗa audugarta, ni kuma in koma gida in kawo mata ɗan kunun da aka samu, ta sha rabi ta tura mini rabi ta ce ta ƙoshi. Daga ko'ina ka tsaya a garin, itace ɗaya za ka hango da sauran kore a kansa, kuma kowa ya san na waye. Kowace safiya da aka tashi sama tana fayau, idon gari a kanmu yake sauka. Mata suka daina amsa gaisuwar innata a rijiya. Ƙawayena suka daina kirana wasa, wata ma ta ce mini jikar mai riƙe ruwa, na kama ta da kokawa har sai da na cika mata baki da ƙasa. Da na faɗa wa Iya, ba ta yi mini faɗa ba, tambayata kawai ta yi ko na kayar da ita.

Abin da ya karya Baba shi ne rasuwar ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan yaye, wanda zawo da rashin abinci suka tafi da shi. Bayan an kai shi, uwar ta fito ba mayafi ta tsaya a ƙofar zaurenmu tana kuka tana cewa, “Ku sakar mana ruwa, don Allah ku sakar mana ruwa.” Ba zagi ta yi ba, roƙo ta yi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Baba mutum ne mai sanyin hali, mai son a zauna lafiya. Da mutanen nan yake sahu, da su yake gayya, su za su ɗauki gawarsa in ya mutu. Na gan shi zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

Washegari da hantsi ya zo gona shi kaɗai, da gatari. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarmar Iya.

“Iya, na san ba shi ba ne,” ya ce. “Wallahi na sani. Amma ba zan iya shiga masallaci ba.”

Iya ta ci gaba da murza mazarinta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, “Ban ba ka izini ba, Audu, kada ka je ka ce na ba ka. Ba kuma zan yi maka baki ba, ni na haife ka. In za ka yi, yi a gabana ina kallo.”

Ta ja tabarmarta baya kaɗan, iyakar inda reshe ba zai faɗo mata ba, ta zauna ta zuba masa ido. Gawo ba ya hawuwa da daɗi. Kafin Baba ya kai reshen farko ƙaya ta yayyage masa hannuwa da ƙirji, jini yana bin gwiwar hannunsa. Ya yi ta sara har rana ta take tsaka. Mutane suka taru a bakin gona, ba wanda ya matso, ba ka jin komai sai ƙarar gatari da faɗuwar rassa. Ni ina kuka, Iya ta ce in rufe mata baki in buɗe ido, wai abin da mutum ya gani da kyau ba a iya canza masa shi daga baya. Da ya sauko, ita ta wanke masa raunukan da ruwan butarta, ba ta ce masa sannu ba.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Wannan shi ne abin da ya fi komai ɗaci a labarin, kuma ba zan ɓoye shi don in gyara wa kakata suna ba. Da la'asar ya zo, kamar da bakin ƙwarya, har kwaruruka suka cika. Gari ya ɗauki guɗa da kabbara, yara muka fita tsirara muna tsalle, ni ma da ni, ba zan yi ƙarya ba. Mai Unguwa ya ratso ruwan nan jiƙe sharkaf har tsakar gidanmu yana dariya yana kira, “Ina baiwata? Fito ki ga hannun gawo!” Iya ta fito ta tsaya a cikin ruwan, ta tara tafin hannu ta sha, ta yi hamdala, sannan ta ce, “Allah ne ya ba ka, Ɗanladi. Lokacinsa ne ya yi. Da ka aske gemunka ranar nan, da yanzu gemu kake yi wa godiya.” Ya ce taurin kanta ko a lahira sai an yi fama da shi. Ta ce ya riga ta zuwa ya ba da labari.

Aka sake shuka da ɗan irin da aka samu, amma ruwan bai daɗe ba. Ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, abin da aka girbe bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Wannan kuwa ba wanda ya ɗora wa gawo, tunda babu sauran gawon da za a ɗora wa. Da bazara ta zo na fita da ƙwaryata bisa sabo, na zaga gonakin garin kaf ban samu abin da zai rufe gindinta ba. Awaki suka riƙa cin tsumma da dangar kara. Aka yi ta kora su kasuwa ƙashi da fata, waɗanda ba su iya tafiya ba aka yanka. Jar akuyarmu, wadda da nononta ake dama wa ƙanena kunu, ita muka bari ƙarshe, ranar da ta kasa tashi daga turke Baba ya sa mata wuƙa. Wasu itatuwan gawon sun sake tohowa bayan shekaru. Na Iya tsoho ne, bai farfaɗo ba. Ya bushe a tsaye, daga baya aka kayar da shi aka faskara. Muddin ana hura wuta da itacen nan a gidanmu, Iya ba ta ci abin da aka dafa da shi ba. Ta kafa murhunta daban a bayan ɗaki, ni nake tsinto mata kara da kashin shanu.

Har ta koma ga Allah ba ta janye maganarta ba, garin ma bai janye tasa ba. Har yau akwai tsofaffin da ke ba jikokinsu labarin shekarar da gawo ya riƙe ruwa sai da aka aske shi, da tsohuwar da ta kusa hallaka gari. Duk inda aka yi wannan maganar a gabana, gidan suna ne ko gidan makoki, sai na ce ƙarya ne, ina wurin. An ce mini mai baƙin hali, an ce na gaji Iya. Na gode.

Jikata Bilkisu, wadda ke karatun malanta a Bici, ita ke rubuta wannan ina faɗa mata. Da muka zo kan maganar aiki da niyya sai ta ajiye biro ta ce ai masu ilimin halittu suna da kalma guda a kan wannan, wai tiliyonomi. Na sa ta maimaita har bakina ya iya. Ta ce ma'anarta shi ne ka ga abu mai rai, ko wani sashe na jikinsa, yana aiki daidai kamar wanda ya san inda ya nufa, saiwa ta bi danshi, ƙaya ta kori mai ci, ganye ya zube a kan kari, alhali babu tunani ko ƙuduri a cikinsa, tsarin da ya gada ne daga iyayensa yake gudana. Na tambaye ta wa ya tsara. Ta ce darasin bai shiga nan ba, iyakarsa yadda abin ke gaduwa yana gyaruwa daga tsatso zuwa tsatso. Na ce to su tsaya inda suka tsaya, ni na san amsar tawa. Amma kalmar ta burge ni, ba zan hana su hakkinsu ba. Abin da ba shi da suna wuyar karewa gare shi. Iya ta yi ta faɗa da bakinta ita kaɗai, ana ce mata rigimar tsufa ce. Da a ce a lokacin akwai suna guda da kowa ya sani na abin da ya yi kama da niyya amma ba niyya ba, wataƙila da wani a cikin mazan nan ya tsaya ya yi tunani kafin ya hau. Wataƙila kuma da ba su tsaya ba. Mai jin yunwa yana son ya samu wanda zai kama da laifi, itace kuwa ba ya musu.

Yanzu gawo ya yi ƙaranci a gonakinmu. Masu garmar shanu ba sa son abin da zai sa su karkace layi, taki a buhu ake sayo shi, abincin awaki ma haka, labarin ruwa kuma a waya yara ke dubawa su faɗa maka tun kafin hadari ya haɗu. Ba na cewa da ta fi yanzu, wanda ya ci dusa ba zai faɗi haka ba. Amma yaran gidanmu ba su san daɗin fita da sassafe da ƙwarya ba, ba su san inuwar da ke zuwa daidai lokacin da rana ta fi zafi ba. Gonar tana hannun 'ya'yan ƙanena. Shekaru masu yawa bayan an tone kututturen gawon Iya, in damina ta yi kyau, geron wurin yakan fi na gefensa tsayi da duhu, a zagaye kamar faifai, saboda ganyen da ya daɗe yana ruɓewa a ƙasar. Nakan je in tsaya a tsakiyarsa in yi wa Iya addu'a. A hankali zagayen ya yi ta ƙanƙancewa, har wata shekara na je na tarar gero duk kansa ɗaya.

Yanzu ni kaɗai ce na san inda gawon ya tsaya.